Tambayoyin Giya a Gindin Fiya

Ban taɓa kai giya bakina ba, amma akwai shekarun da idan aka tara mutanen layinmu a Tudun Wada aka yi tambaya a kanta, ina jin ba zan zo na ƙarshe ba. Mai gidan da muka yi haya ne ya jawo mini wannan.

A Dilimi aka haife ni, a can na girma. Da na yi aure sai gidanmu na gado ya yi mana kaɗan, ga shi kuma matata tana koyarwa a wata makaranta da ke kusa da Tudun Wada, saboda haka muka nemi haya a can. Ni mai gyaran firij ne, shagona yana wajen Tina Junction. Ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki ma, sai dai a Jos wanda ya dogara da ita kaɗai zai sha zama. Kullum da safe nakan hau keke napep sau biyu kafin in isa shago, in dawo bayan la'asar.

Gidan sashe biyu ne, tsakar gida ɗaya. Mu muna gefen ƙofa, mai gidan da matarsa suna ciki, 'ya'yansu duk sun girma sun watse garuruwa. A tsakiya akwai wata tsohuwar bishiyar fiya da benci a gindinta. Kowa a layin Baba yake ce wa mai gidan, matarsa kuma Mama, mu ma muka bi sahu. Kiristoci ne, 'yan asalin wani ƙauye a bayan duwatsun kudancin gari. Baba gajere ne mai tumbi da farin gashin baki, kuma ban taɓa ganin kansa babu hular sanyi ba, ko da rana ta take. Tun yana saurayi ya shiga kamfanin giya yana wanke kwalabe, ya yi ta hawa har ya kai ɗakin dahuwa, a nan ya yi ritaya. Hausarsa irin ta cikin garin Jos ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Mama ma "ya" ce a bakinsa.

Ba mu daɗe da tarewa ba, wata rana na dawo daga shago na tarar da shi a kan bencin yana juya murfin kwalba a tafin hannunsa. Na gaishe shi zan wuce, sai ya ce, "Malam, zo ka zauna. Haƙora nawa ne a murfin kwalban giya?"

Na ce, "Baba, ai ni ba na sha."

"Ni ma ba na sha," in ji shi. "Likita ya hana ni, Mama ya tsaya a kai. Ba sha na tambaye ka ba, haƙora na tambaye ka."

Na yi dariya na ce talatin. Ya miƙo mini murfin ya ce in ƙirga. Na bi su da farce ɗaya bayan ɗaya, ashirin da ɗaya. Ya ce in je duk inda zan je in ɗauko murfi, na giya ko na lemo, haka zan same shi. Wanda ke hannunsa ma na lemo ne. Ya karɓi abinsa ya saka a aljihu yana murmushi kamar wanda ya ci zaɓe.

Washegari Mama ta sami matata a wajen wanki ta ba ta haƙuri. Ta ce tun da ciwon suga da hawan jini suka kama Baba aka raba shi da kwalba, abokansa suka ɗauke ƙafa. Ba don mugunta ba, su dai ba su san yadda ake zama da shi babu komai a kan tebur ba. Abin da ya rage masa shi ne labarin aikinsa, kuma duk wanda ya kama sai ya yi masa tambaya. Ta ce a gaya mini idan abin bai dace da addinina ba, in gaishe shi kawai in wuce, ba zai ji haushi ba.

Na ɗan yi tunani a kai. Ban saya ba, ban sayar ba, ban ɗauka wa kowa ba, amma duk da haka sunan abin kaɗai yana yi mini nauyi a baki. Na tambayi matata ra'ayinta. Tana ninke kaya ta ce, "Shi ya bari, kai ba ka fara ba. Me za ku yi wa juna? Tsoho ne yake neman abokin hira."

Haka bencin ya zama makarantata. Ina dawowa in yi sallah, in fito da kofin shayina, shi kuma Mama ta kawo masa nasa marar suga, sai a fara. Me ya sa ake zuba giya a kwalba mai ruwan ƙasa? Na ce don kada a ga dattin da ke ciki. Ya ce a'a, haske ne yake ɓata ta, duhun kwalbar yake tare shi. Me ya sa wata giyar baƙa ce wuluk? Na ce gawayi ake zubawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mama ta leƙo ta taga ta ce in yi masa a hankali. Ashe hatsin ake gasawa sai ya yi duhu. Ina ake kai dusar da ta rage bayan an tace? Wannan na ci, domin na sha ganin motoci suna kai ta wa masu kiwo. Duk ranar da na ci tambaya sai ya ɗauki gora ya kaɗo mini fiya ɗaya. Matata takan ce ko ban ci ba za a ba mu, tunda bishiyar ta fi ƙarfin mutum biyu, amma ni na fi jin daɗin wadda na ci da kaina.

Tambayoyin ba su ne ainihin abin ba. Kowace tambaya ƙofa ce, da na amsa, daidai ko kuskure, sai ya shige ta ciki ya fara labari. Ya gaya mini yadda zafin ɗakin dahuwa yake a watan da gari ke daskarewa, har masu gadi sukan nemi dalilin leƙowa. Ya gaya mini lokacin da gwamnati ta hana shigo da sha'ir daga waje, aka koma dawa, yadda suka yi ta gwaji, dahuwar farko ta cika kamfanin da ƙamshi kamar ana dama kunu a gidan suna. Idan yana wannan labari har miƙewa yake yi, yana nuna tsayin tukunyar da hannu, yana juya wani famfo da ba ya nan.

Abu ɗaya na lura da shi. Mama takan zauna kusa tana gyaran wake ko tana tsince acca, tana jin mu, wani lokaci ta yi dariya. Amma da zarar maganar ta karkata wajen burukutu, giyar dawa da ake yi a gida, sai ta tattara farantinta ta shige ɗaki. Shugabar zumuntar mata ce a cocinsu, kuma cocin ba ya son maganar sha ko kaɗan. Na ɗauka dalilin ke nan, ban ƙara tunani a kai ba.

Wata rana na shigo da kwalbar malt a hannuna, irin wanda muke rabawa a kowane biki. Baba ya dube ni ya dubi kwalbar ya ce, "Ka san ƙanin wane ne wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Ƙanin giya ne. Tukunya iri ɗaya, hatsi iri ɗaya. Ana tsirar da shi, a dafa, a tace."

Na ajiye kwalbar a kan benci a hankali, na ɗan matsa. Ya bar ni na daɗe a haka kafin ya ce, "Sha abinka, Malam. Yis ne yake mayar da zaƙin ya zama maye, wannan kuwa ba a sa masa ba. Uwansu ɗaya, amma wannan bai bi 'yan iska ba." Na shanye, amma ban taɓa shan malt a hankali kamar ranar ba.

Da na ga fiyar ba ta zuwa yadda nake so, sai na fara rama wa. Na fara da abin da na sani a sana'ata. Na tambaye shi me ya sa kwalba ke fashewa idan aka manta da ita a wajen ƙanƙara. Ya ce ruwa yana kumbura idan ya daskare, wannan ko jikansa ya sani. Sai na koma neman tambayoyi a wayata. In babu aiki a shago, in zauna ina bincike, yaran shagunan kusa suna zaton labarin ƙwallo nake karantawa. Na zo masa da cewa ma'aikatan da suka gina dalar Masar ana ba su giya a cikin abincinsu na yini.

Ya ce, "Masar na Fir'auna?"

Na ce ita.

"Fir'aunan da muka sani? Wannan mutumin zai ba lebura abin sha?" Ya girgiza kai. "Wayanka bai taɓa wanke tanki ba. Ban yarda ba."

Kwana biyu bayan haka na ji shi a ƙofar gida yana yi wa mai gyaran takalmi tambayar nan, yana kuma ba shi amsa kamar da shi aka yi ginin.

A cikin wannan hali mahaifiyata ta kawo mana ziyara daga Dilimi, da ƙunshin kuka da daddawa. Na fito da buta zan yi alwala, ita kuma ta tsaya suna gaisawa da Baba. Ya tambayi gida, ya tambayi ƙafarta, sannan ya ce, da zuciya ɗaya, don ya faranta mata, "Hajiya, kin haifi yaro mai kai. Yanzu a layin nan babu wanda ya san giya kamar shi."

Butar ta kusa suɓuce mini. Inna ba ta ce komai ba sai "To, madalla." Ta shige ɗaki, na bi ta. Ta zauna a bakin gado ta ce in matso. Na matso. Ta ce in buɗe baki in ce ha. Ina da aure, ina da gemu, na durƙusa na ce ha. Matata tana bakin ƙofa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Sai da ta samu ta natsu sannan ta yi wa Inna bayani tun daga murfin kwalba.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafi ta fita tsakar gida. Na bi ta. Ta tsaya gaban bencin ta ce, "Mai gida, an ce kai gwanin tambaya ne. Ni ma ina da guda. Duk shekarun da ka yi kana sha, me ta bar maka?"

Baba ya dafa tumbinsa da hannu biyu ya ce, "Wannan, Hajiya. Da suga."

"Ka ci," in ji Inna. "To ka riƙa haɗa masa da wannan a cikin karatun."

Mama ta yi dariya har da tafawa. Ranar Inna ta koma Dilimi da fiya cike da leda, kuma daga baya duk lokacin da na je gaishe ta sai ta tambaye ni lafiyar malamina.

Wajen farkon damina wani tsohon aminin Baba ya zo daga Bukuru. Dogo ne siriri, yana sa kwat ko ina za shi. A ɗakin gwaji ya yi aiki, inda ake duba kowace dahuwa kafin a zuba a kwalba, kuma sun daɗe ba su haɗu ba. Ya tarar da mu a tsakiyar tambaya. Ya saurara kaɗan, sannan ya ce mini, "Ɗana, wa ya ce maka wannan ya san giya? Shi dafawa kawai yake yi. Mu ne muke cewa ta yi ko ba ta yi ba."

Baba ya ce, "Kai da kake zaune cikin farin riga kana kallon kwalba? Ka taɓa ƙonewa?"

Kafin shayinsu ya huce sun ƙulla gasa. Aminin zai kawo zakara daga cikin kajinsa, Baba zai sa buhun fiya, wanda ya ci ya kwashe duka. Za a gayyato sauran tsofaffin abokan aiki su zama shaidu. Ni ne zan yi tambayoyin, domin a cewarsu ni kaɗai ne ba za a iya saye da kwalba ba. Mama ta ce ta yarda da sharaɗi ɗaya, kada kwalba ko ɗaya ta ƙetare mata ƙofar gida. Za ta yi gwate, wato faten tsaki da ganye, matata ta ce za ta yi zoɓo, na Baba babu suga.

Ranar Asabar ɗin da aka sa na rufe shago da wuri. Bayan azahar tsofaffin suka fara isowa, wani da sanda, wani a keke, wani da jaridar da ya naɗe don korar ƙuda. Na aro benci daga maƙwabta. An ɗaure zakaran a jikin bishiyar, ja ne mai doguwar wutsiya, yana ta zagaye igiyarsa. Baba ya sa sabuwar hular sanyi. Na ga yadda yake riƙe hannun kowane baƙo ya ƙi saki, yana kiransa da sunan tsokanar da suke kiransa a kamfani. Ɗaya daga cikinsu ya kurɓi zoɓon, ya ɗaga kofin ya duba shi ta hasken rana kamar yadda suka saba, ya ce kalar ta yi, kumfa ce babu.

Na fara da masu sauƙi, suka wuce su ba tare da sun dube ni ba. Na tambayi abin da ke sa giya ɗaci. Baba ya riga amininsa, ya ce wani fure ne da ake kawowa daga ƙasashen sanyi, ana ce masa hof. Wani daga cikin shaidun ya ce shi ya ji an taɓa gwada shuwaka a madadinsa, wani ya ce ƙarya ne, namijin goro ne. Sai da na buga cokali a jikin kofi sannan suka yi shiru. Na tambayi dalilin da ruwa ke tafasa da wuri a Jos fiye da Legas. Baba ya ce itacen Jos ya fi kyau. Aminin ya gyara kwat ya ce tudu ne, iska ba ta danne ruwa a nan kamar a bakin teku. Na ba shi. Baba ya ce wannan ba tambayar giya ba ce, tambayar shayi ce, amma shaidu suka ƙi goya masa baya.

Haka aka yi ta yi, wannan ya ci, wancan ya rama. Tsakanin tambaya da tambaya sukan manta da ni gaba ɗaya su shiga labarin wani oga da suka yi wa laƙabi, ko ranar da bututu ya ɓalle kumfa ta kai musu gwiwa. Da rana ta fara karkata sai na ga tambayoyina sun ƙare, su kuma suna kunnen doki.

Mai sandar ya ce, "Duk tambayoyinka na kwalba ne da na Turawa. Kafin kamfani ba a sha komai a ƙasar nan ba? Yi musu ta gida."

Ni kuwa ban san komai a kan burukutu ba sai warinta, idan keke ya bi da ni ta wasu lunguna. Na tsaya ina kame-kame. Matata ce ta cece ni daga bakin madafa. Ta ce, "Tambaye su, idan an gama dafa ta an sauke, me ake zubawa ta tashi?" Ta ce ita dai ta san kunu in ya kwana tsami yake yi, ba ta san me ke raba su ba.

Na maimaita tambayar. Daidai lokacin Mama ta fito da babbar roba ta gwate tana tururi. Aminin ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga hannu ya ce shi ya riga. Ya ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata ya ce, "Yis na burodi. Ana saya a shago, a zuba cokali biyu."

Mama ta tsaya cak da robar a hannu. "Yis na burodi?" Ta ajiye robar a kan tebur. "A gidan wa? A ƙauyenmu akwai shago? Akwai burodi?"

Ta dubi Baba kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ragowar ta baya ake zubawa," in ji ta. "Duk dahuwar da aka yi, sai a ɗebi kaɗan daga gindin tukunya a ajiye a ƙaramar ƙwarya a rufe. Ita ce za ta tayar da sabuwa. In taki ta mutu, ki je wajen maƙwabciya ki roƙo, kamar yadda ake ɗebo wuta. Kuma ba a zubawa da zafi, sai ta huce har kin iya sa hannu. Ka zauna a gidan uwata kana kallo, yau ka ce yis?"

Ta fara ke nan, sai ta kasa tsayawa. Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba a irin wannan hira. Ta faɗi yadda ake jiƙa dawa, a shimfiɗa a rufe da ganye ana yayyafa ruwa har ta tsiro, a shanya, a niƙa. Ta faɗi dahuwar farko, da kwanan da ake bari ta yi tsami, da dahuwa ta biyu mai cin itace, wadda hayaƙinta ke sa idon mutum ja har washegari. Mahaifiyarta ce ke yi a ƙauye, da wannan sana'ar ta rene su bayan rasuwar mahaifinsu, kuma Mama ce babba, ita ke juya tukunya. Da ta shiga zumuntar mata sai ta rufe maganar, ko 'ya'yanta ba ta taɓa ba su labarin ba. Tana magana hannunta yana juya muciyar da ba ta nan, daidai yadda mijinta ke juya famfonsa.

Mai jaridar ya tambaya me Baba yake yi a gidan uwarta.

"Zuwa yake yi ranar kasuwa, a kan wani tsohon keke mai ƙara," in ji Mama. "Ya sayi ƙwarya ɗaya ya zauna da ita tun rana tsaka har yamma. In ya tashi, rabi yana ciki. Sai ya ce bari ya fasa mana itace. Uwata ta ce mini, wannan yaron ba ƙwarya ke kawo shi ba, mutumin da ke aiki a kamfanin giya me zai nema a tukunyata?"

"Na uwanki ya fi na kamfani," in ji Baba.

"To me ya sa kake ragewa?"

"In na shanye, da wane dalili zan zauna?"

Tsofaffin suka kwashe da dariya, mai sandar yana buga ta a ƙasa. Mama ta rufe fuska da gefen zaninta, ta ce gwaten zai huce, a ci.

Aka koma kan hukunci. Aminin ya ce amsar tana bakinsa aka katse shi. Shaidu suka ce ko ma mene ne, Baba ya amsa kuma ya faɗi, saboda haka gasa ta aminin ce. Na jira Baba ya tayar da rigima, mutumin da ya yi musu a kan tafasar ruwa, amma sai ya ce ya yarda, ya ja kwanon gwatensa. Aminin ya ce fiya zai ɗauka, zakara kuwa na wadda ta ba da amsa ne. Mama ta ce in haka ne yau za a cinye shi, ta dube ni ta ce, "Malam, kai za ka yanka, don kowa ya ci."

Na yanka a bayan gida. Mama da matata suka fige suka yi farfesu mai yaji, aka ci da sauran gwaten. Baba ya sami cinya, bayan Mama ta cire masa fatar. Kafin a watse suka yanke cewa za su riƙa haɗuwa a gindin fiyar duk ƙarshen wata, kuma sun cika, har muka bar gidan bayan wasu shekaru muka koma namu.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai baƙin suka yi haramar tafiya. Na ɗaukar wa aminin buhunsa na raka shi bakin titi ya sami motar Bukuru. Muna saukowa ta kan duwatsun layin na ce masa na yi mamakin Baba, a ce duk saninsa ya faɗi a tambaya irin wannan.

Ya tsaya ya dube ni. "Ɗana, ni na raka shi ƙauyen nan sau da yawa. Ƙwaryar da Mama take magana a kai, shi ake aika ya karɓo a maƙwabta in tasu ta mutu. A kan kekensa yake ɗauko ta, yana tafiya a hankali kada ta zube."

Na ce, "To me ya sa ya ce yis?"

"Ka tambaye shi," in ji shi. Mota ta tsaya, na tura masa buhun ƙarƙashin kujera, ya shiga yana kare kwat ɗinsa daga ƙofa.

Ban tambaye shi ba. Yayyafi ya kama ni a hanya, na ƙarasa gida da gudu. Na tarar an shigar da bencinmu da na maƙwabta ƙarƙashin rumfa, Baba yana zaune a kai yana sakace haƙori. A madafa Mama tana wanke tukwane, matata tana ɗauraya, Mama tana ba ta labarin wata maƙwabciyarsu a ƙauye da akuya ta shanye mata abin da ta ajiye a ƙwarya, ta yini tana tangaɗi a tsakar gida. Baba ya matsa mini wuri, ya sa yatsa a baki alamar in yi shiru. Na zauna kusa da shi muka saurari labarin akuyar har ƙarshe, ruwa yana dukan kwano.